Shaidun Jan Bunsuru

An ce wai a zamanin da ayarin fatake ke keta sahara da kayan fata, an yi wani gari mai suna Dutsin Baure. Ba a san shi da yaƙi ba, ba a san shi da tsayin ganuwa ba. Da akuya aka san shi. Akuyar kuwa ja ce wur, gashinta gajere mai sheƙi, tagwaye take haifa, fatarta kuma idan majema suka jeme ta da bagaruwa sai ta yi laushin da baduku zai lanƙwasa ta yadda ya so ba ta tsage ba. Mutumin Dutsin Baure in ya sauka a baƙon wuri, sunan garinsu yake fara faɗa kafin na ubansa, don ya san za a gyara masa wurin zama.

To amma alfaharin nan a baki ya tsaya. Al'adar garin ita ce, duk ɗan akuya namiji da ya fito da kyau, mai faɗin ƙirji da miƙaƙƙun ƙafafu, tun ƙahonsa bai gama fitowa ba sai a kira mai dandaƙa ya dandaƙe shi ya zama taure. Taure ba ya wari, ba ya yawo, yana ƙiba, yana daraja ranar kasuwa. Wanda ya fito a tsumbure kuwa, ba mai ɓata ladan dandaƙa a kansa, sai a sake shi yana gararamba a lunguna, kuma shi ne zai bi awakin gari. Wato da hannunsu suke zaɓen mafi kyau su yanke masa zuri'a, su bar mafi muni ya zama uban garke. A hankali ja ya fara dushewa, 'yan awaki suka riƙa fitowa dabbare-dabbare, fata ta yi kaushi, fatake suka fara juya ta suna taɓe baki. In ka tambayi dattawan gari, sai su ce zamani ne ya lalace, ko ruwan rijiya ya sauya, ko wani ya yi musu baki. Ba wanda ya ce a je a duba turke. In ka matsa, a ce maka haka aka tarar, sai ka ce wanda ya tarar da rami a ƙofar gidan ubansa wajibi ne ya riƙa faɗawa ciki kullum.

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin wannan hanya, wata dattijuwa mai suna Tasalla, wadda marigayi mijinta majemi ne. Shekarun da ta yi tana taya shi jiƙa bagaruwa sun koya wa yatsunta bambancin fata da fata, bakinta kuwa dama bai saba rufa wa kowa ba. Da jar akuyarta ta haifi wani ɗa da aka daɗe ba a ga irinsa ba, sai ta ce wannan kam babu gudumar mai dandaƙa da za ta taɓa shi. Ta sa masa suna Garwashi. Ya girma ya zama ƙaton bunsuru, ja har kofato, wuya kamar turmi, gemu na share ƙasa in yana kiwo. Duk garin shi kaɗai ya rage wanda jininsa bai gauraya ba. Tasalla ta san haka, ba ta kuma ɓoye cewa ta sani. In za ta kai shi bakin rafi, tafiya take kamar mai rakiyar ɗan sarki.

Sai dai Garwashi bai san shi ɗan sarki ba ne. Warinsa na riga shi shiga lungu. Igiya ba ta kwana biyu a wuyansa bai tsinke ta ba. Ya ci waken shanya, ya kifar da tukunya, ya fasa danga. Mutane suka yi ta gunaguni, har ranar da Mai unguwa Barmo ya fito rakiyar surukansa, ya sunkuya zai gyara takalmi. Garwashi ya ja da baya ya auna shi. Sai ga mai unguwa a cikin kwata, rawani ya yi nasa wuri, surukai suna ƙoƙarin haɗiye dariya.

Washegari da hantsi Arzika ya yi sallama gidan Tasalla. Ƙanin mijinta ne, dillalin awaki, kuma tsakaninsu akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji.

"Ina matar nan tawa, uwar ɗan sarki?"

"Shigo, mijin rana tsaka, wanda ba a ganinsa sai an sauke tukunya."

"Yau ba tuwo ya kawo ni ba," in ji Arzika, ya tsuguna nesa da turken Garwashi yana toshe hanci. "An kai ƙarar ɗan naki wurin alƙali. Mai unguwa, da Sarkin Fawa Nomau, da rabin unguwa. Har da ni."

"Har da kai?"

"Dawata ya ci, Tasalla. Zumunci daban, dawa daban. Abin da muke nema kaɗan ne: a dandaƙe shi. Kafin sallah ya yi kitse, Sarkin Fawa ya saye shi da daraja. Ki huta, mu huta, hancinmu ya huta."

"Kai da rabonka da wanka tun rasuwar yayanka, ai hancin unguwa bai kai ka ƙara ba."

Arzika ya yi dariya ya tashi, amma bai janye maganarsa ba. Da ya fita, Tasalla ta daɗe tana kallon bunsurun yana tuƙa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san ba ƙarya suka yi ba. Ya yi ɓarnar. Ta kuma san in guduma ta sauka a kansa, jar akuyar Dutsin Baure ta ƙare ke nan, a gaban idonta, a ƙofar gidan majemi.

Alƙalin garin a lokacin shi ne Malam Zayyanu, ɗan garin ne da ya tafi karatu gabas ya daɗe, mutum mai ƙarancin magana wanda ba a taɓa ganin ya karɓi ko goro daga mai ƙara ba. Ranar zama, Tasalla ta ja Garwashi har ƙofar zauren shari'a. Nan ta tarar da Cindo mai dandaƙa a zaune a inuwa, gudumarsa a kan cinya. Masu ƙara ne suka zo da shi tun kafin a yanke hukunci, don sun tabbata.

Suka zayyana ɓarna ɗaya bayan ɗaya. Da aka ba Tasalla dama, ba ta durƙusa sosai ba.

"Allah ya gafarta malam, gafakar da ke gefenka, da fatar irinsa aka ɗinka ta. Ka fita kasuwa yau ka nemo mini irin wannan fata, in ka samu ni da kaina zan riƙe wa Cindo ƙafafunsa. Waɗannan mutane sun dandaƙe duk wani na kirki, yanzu sun zo kan na ƙarshe."

Alƙali ya dubi tsohuwar gafakar da yake ajiye littattafansa, ya shafa ta da babban yatsa, sannan ya ɗago.

"Inna, kyan bunsuru ba hujja ba ne. Dabbar da ta saba ɓarna ba a barin ta a kan mutane, ko da zinariya aka yi gashinta. Wannan haƙƙinsu ne."

Sarkin Fawa ya gyara zama yana murmushi.

"Amma ni ba na hukunci a kan zato," alƙali ya ci gaba. "Garin nan cike yake da bunsurai marasa turke, kowane lungu akwai su. Duk mai cewa wannan ne ya shiga gidansa, ba wani ba, ya zo mini a zama na gaba da shaidar da ido zai gani. Wanda ya kawo, zan saurare shi. Wanda bai kawo ba, ƙararsa ta faɗi."

"Allah ya gafarta malam," in ji Mai unguwa Barmo, "ni ai tawa shaidar gari duka ya gani."

Zaure ya kwashe da dariya. Alƙali bai yi ba. "Taka tunkuyi ce a kan hanya, za mu zo kanta. Maganar shiga gida nake yi."

Tasalla ta ja Garwashi ta koma gida. A ranta tana cewa, karatun gabas ɗin ke nan: mutum ya riƙe jar fata a hannu, bakinsa na neman hujjar kashe ta. Masu ƙara kuwa suka shiga taro. Waken da aka ci ya wuce, dangar da aka fasa an gyara; wace shaida ce ido zai gani? Arzika ne ya samo dabara, har yana bugun ƙirji da ita.

Da safiyar zama na biyu, tun daga nesa Tasalla ta ji kukan 'yan awaki kamar ranar kasuwa. Da ta karyo kwana sai ta tsaya cak. Ƙofar zauren cike take da jajayen 'yan awaki, wasu a kafaɗa, wasu a igiya, wasu mata sun aiko da su a cikin kwando. Ba ta taɓa ganin su a tare ba. Hasken hantsi ya sauka a kansu suna sheƙi kamar an zuba manja a faranti. Ta gane goshin, ta gane ƙirjin, ta gane tsayuwar. Ranta ya ɓaci da ta fahimci 'ya'yan Garwashi aka kawo su ba da shaida a kansa, amma duk da haka sai da ta ji wuyanta ya ƙara miƙewa.

Sarkin Fawa Nomau ne ya fara. Ya ɗaga wani ɗan bunsuru sama da hannu biyu, ya juya shi don kowa ya gani.

"Allah ya gafarta malam, uwar wannan wake-wake ce, kowa ya san ta. A ina ta samo wannan ja in ba Garwashi ne ya shigo ba? Dubi ƙirji. Dubi ƙafa. Wallahi kaf kasuwar nan babu kamarsa."

"Sau ɗaya ya shiga gidan naka?" in ji alƙali.

"Sau ɗaya? Ga na bara can a igiya, ga na bana a hannuna."

Mai unguwa ya gabatar da na matansa, yana cewa har daga ƙauye an zo sayensu ya hana. Wani ya ce nasa ya fi na mai unguwa ja. Wani ya ce a zo a taɓa gashin nasa a ji. Kafin a jima masu ƙara sun manta da wake da dawa, sun koma gardamar wa ya fi kyan ɗan akuya, sai da dogari ya tsawatar. Alƙali yana sauraro, ba ya katse kowa.

Arzika ya matso da tagwaye, ɗaya a kowace hammata.

"Ni nawa bibbiyu yake ba ni, Allah ya gafarta malam."

"Gidanka ba shi da ƙyaure ne?" in ji alƙali.

"Da ƙyaure, har da sakata. Ko kaza ba ta shiga sai na so."

"To shi ta ina ya shiga?"

"Ai da akuyar ta fara kuka tana kaɗa wutsiya, sai na ga kada wani tsumburarren ya riga shi, ni na fita na buɗe..."

"Ƙarasa mana, mijin rana tsaka," in ji Tasalla. "Ka buɗe masa ƙofa, ka ce ya shigo da azumi?"

Wannan karon har dogari sai da ya juya baya yana dariya. Wasu daga cikin masu ƙara suka sunkuyar da kai, don ba Arzika kaɗai ya taɓa zare sakata ba.

Daga can baya wata tsohuwa ta taso da sanda, hannunta babu komai. Inna Yalwa ce mai daddawa.

"Ɗana, ni ba ni da akuya, ban taɓa yi ba. Kalwa na dafa na shanya, jarin nawa ke nan duka, na shiga ɗaki na fito na tarar da tabarma wayam. Ban ga wanda ya ci ba. Ka ce a kawo shaida, ni ba ni da ita."

Alƙali ya buɗe baki zai yi magana, Tasalla ta riga shi. Ta san abin da maganar za ta jawo mata, ta kuma ga Cindo a bakin ƙofa ya leƙo.

"Shi ne. Ranar ya dawo da kalwa a gemu, na gani da idona. Kunya ce ta hana ni zuwa, Yaya Yalwa."

Malam Zayyanu ya gyara zama ya yi magana a hankali, yadda na waje ma sai da suka matso.

"Tun ranar da kuka kawo ƙarar nan nake tsakanin abu biyu, kowanne gaskiya. In na bar bunsurun nan yana ɓarna, na zalunci masu haƙƙi. In na miƙa shi ga guduma, na yanke abin da garin nan yake ci da shi, na yanke shi da hannuna, kuma da hujja. Yau ku kuka fitar da ni. Kun tabbatar ya shiga gidajenku, na karɓa. Kun kuma tabbatar da abin da ya bari a ciki, kun yabe shi da bakinku fiye da yadda mai shi ta yabe shi. 'Ya'yan nan naku ne, domin ɗan dabba na mai uwarsa ne. Tasalla ba ta da ko kunne ɗaya a cikinsu. Amma mutum ba zai rungume amfanin abu a ƙirjinsa ba, sannan ya miƙo ɗaya hannun a biya shi wahalar abin. Bunsurun nan aiki ya yi muku, abincin aikinsa ya ci. Duk da haka ba zan tilasta wa kowa ba. Wanda yake ganin an cuce shi, ya ajiye ɗan akuyarsa a nan gabana, yanzu a auna masa waken da aka ci masa, ya tafi."

Ya jira. Ba wanda ya motsa. Sarkin Fawa ya ƙara matse nasa a ƙirji. Arzika ya ja da baya da tagwayensa har ya taka ƙafar mai unguwa.

"To ƙararku ta faɗi," in ji alƙali. "Mutum ɗaya aka cuta a nan, ita ce wadda aka ci wa ba a bar mata komai ba. Kalwar Inna Yalwa, duk mai riƙe da jan ɗan akuya zai sa hannu a mayar mata, Tasalla kuma ta fi kowa sawa, don ta sani ta yi shiru. Mai unguwa, za ta wanke maka riga ta ba ka haƙuri a gaban mutane, tunda a gaban mutane aka kayar da kai."

Ya juya ga Tasalla. "Ke kuma, Inna, kin ga abin da garin nan bai gani ba, amma hakan bai ba ki ikon sakin dabba a kan shanyar maƙwabta ba. Za a gina masa katanga, waɗannan da suka amfana su ne za su kwaɓa ƙasar. Daga yau ba ya fita. Mai son irinsa ya kawo akuyarsa har gida, ya zo da damin harawa a ka. Cindo kuma kada ya koma hannu banza: ga bunsurai nan marasa turke cike da lunguna, na kai maganarsu gaban sarki ya amince, da su zai fara."

Tasalla ta durƙusa, wannan karon har ƙasa.

"Tashi, aikinki bai ƙare ba," in ji alƙali. "Garwashi ba zai dawwama ba. Shiga cikin 'ya'yan nan ki zaɓo mazan da za su gaje shi. Wanda kika ɗora wa hannu yana nan na mai shi, amma guduma ba za ta taɓa shi ba, wuƙa ma haka, sai ya bar na baya."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Mutanen da suka zo ganin an ƙasƙantar da ita suka dare suka ba ta hanya. Ta bi su ɗaya ɗaya ba gaggawa, tana buɗe baki ta duba haƙori, tana tsinkar fatar wuya ta sake, tana shafa gashi ta koma da shi baya don ta ga ko akwai fari a ƙasa. Ta wuce na mai unguwa, ta ce jan bai kai ciki ba. Ta ɗauki ɗaya daga tagwayen Arzika, ta ce wannan ya fi ubangidansa tsabta. Daga ƙarshe ta tsaya gaban Sarkin Fawa, ta ɗora tafin hannunta a kan wanda ya ɗaga sama da farko.

"Haba!" in ji Nomau. "Allah ya gafarta malam, wannan na riga na ware shi, tauren sallah zan yi da shi. Ta ɗauki na baran mana. Wannan ai shi ne mafi kyau a cikinsu duka!"

"Shi ya sa," in ji alƙali.

An ce kafin 'ya'yan wannan ɗan bunsuru su yi ƙaho, fatake sun koma tsayawa a Dutsin Baure, ba tare da an sauya rijiya ko an karya wani baki ba.

Masu hikima suka ce: jama'ar da ke cinye mafi kyawun abin da take da shi, ta bar wa gobe ragowa, kada ta zargi zamani idan goben ta zo mata a tsumbure. Iri mai kyau ba gadonsa kawai ake yi ba, kowace shekara sai an hana ciki wani abu kafin ya tsira.